Baƙin Allo da Baƙin Ciki

Shekarun baya, lokacin da filash ya fara korar diskit daga aljihun ɗalibai, ni da matata muna da ɗan wurin buga takardu a ɗakin gaba na gidan da muke haya a Samaru ta Zariya. Kwamfuta biyu ce da firinta ɗaya, sai benci a bakin ƙofa inda masu jiran aiki ke zama. Yawancin masu kawo mana aiki ɗaliban jami'a ne, musamman 'yan ajin ƙarshe masu rubuta furojet. Matata ta fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba, ni kuma nawa shi ne gyara idan na'ura ta yi gardama. A layinmu in aka ce mai kwamfuta ni ake nufi, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana yi mini daɗi.

Damuwarmu ɗaya ce, bairos. Firintar a jikin kwamfutata take, don haka duk abin da matata ta buga sai ta zuba a filash ta miƙo mini. Ga kuma filash ɗin ɗalibai da suka gama yawo a kafe-kafen intanet na gari. Wata rana babi uku na aikin wata ɗaliba suka rikiɗe suka koma kamar rubutun tsutsa. Yarinyar ta zauna a kan bencin nan tana kuka, matata ta yi kwana biyu tana sake bugawa daga rubutun hannu. Da ta gama ta ce mini ita fa ta gaji, a nemi mafita.

Mafitar kam na san ta. Kwamfuta ta uku za a samo a ajiye a kusurwa, babu mai zama a gabanta, aikinta kawai ta riƙe duk takardunmu, sauran biyun su riƙa ɗauka suna mayarwa ta waya. Ita ake ce wa saba. Ƙarfen ba matsala ba ne, tsohuwar na'ura ma ta isa. Abin dubawa shi ne babbar manhajar da za a ɗora mata, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Ina cikin wannan lissafi a fili, matata ko kai ba ta ɗago daga kibod ba ta ce, "Ka tambayi abokinka mana. An ce ya haɗa irinta a Bomo."

Abokin nan nawa tare muka yi sakandare. Iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, amma a Muchia aka haife shi, inda mahaifinsa ya koyar a firamare har ya yi ritaya. Na riga shi sanin kwamfuta da kusan shekara uku. Ni na kama hannunsa na ɗora a kan maus, a wani shago da na yi wa aiki kafin in yi aure. Ina tuna idan maus ɗin ya kai bakin tebur sai ya ci gaba da tura shi a kan cinyarsa. Tun daga lokacin yake ce mini Malam, da farko da wasa, har ya bi bakinsa. Daga baya shi ya shiga jami'a, ni ban shiga ba. Ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo ɗakinsa na haya a Bomo yana 'yan gyare-gyare kafin Allah ya kawo aiki.

Wannan "an ce" da matata ta faɗa, wata uku ke nan ina jin sa ta ko'ina. Ɗalibi zai kawo aiki, yana jira yana ba na kusa da shi labarin wani mutum a Bomo da ya ja waya daga ɗakinsa zuwa ɗakuna shida, kowa yana ɗaukar littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa daga kwamfuta ɗaya ba tare da ya taka ƙofa ba. Su ba su san abokina ba ne. Ni kuma sai in tashi in shiga duba firintar da babu abin da ya same ta.

Ranar wata Asabar na hau babur na tafi Bomo, wai gaisuwa. Tun daga bakin gonar masarar da ke gefen gidan na hango wayar, shuɗiya, ta bi ta ƙarƙashin kwanon rufi an ɗaɗɗaure ta da roba. Sabar da ake ta zuzutawa kuwa wata tsohuwar akwati ce ko murfi babu, a kan kwalin sabulu, da batirin mota a gefenta saboda ɗaukewar wuta. Da ta yi kyau da na samu abin kushewa, in ce kuɗi ne. Amma ga ta nan mummuna, tana aiki, ina zaune mutum biyu suka leƙo suka yi masa godiya.

Ya yi murna da zuwana ƙwarai. Ya sayo rake, ya fito da wata ambulan mai kan sarkin ƙasar waje ya nuna mini. Fom ya cike a intanet, bayan wata biyu aka aiko masa da faya-fayan wata babbar manhaja mai suna Linux kyauta ta gidan waya. Da na ɗan taɓo zancen matsalarmu a kaikaice, sai ya zaro faifai ɗaya ya miƙo mini.

"Malam, wannan za ka saka," in ji shi. "Ba ya neman babbar na'ura, bairos ɗin filash ba ya kama shi, kuma mai sauƙi ne. Da yamma ɗaya ka gama."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma abin da kunnena ya ji shi ne mai sauƙi daidai kai. Na karɓa saboda kunya, na yi godiya. Da na dawo gida na cilla faifan bayan kabad.

Bayan kwana biyu na shiga Sabon Gari wurin wani Ibo mai sayar da kwamfutoci 'yan Kwatano, wanda na daɗe ina ciniki da shi. Na zaɓi wata tsohuwa mai nauyi kamar dutsen niƙa, ya haɗa mini da waya da katin da ake sokawa a cikin na'ura don ta yi magana da 'yan'uwanta, sabo a kwali, mai arha. Yana ɗaure kayan yake tambayata, da Hausarsa mai gauraye da Turancin kasuwa, ko irin ta abokina zan haɗa. Ya ƙara da cewa ai yanzu idan kaya suka iso, abokin nawa yake kira ya gwada masa su. Da can ni yake kira. Na yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, na ɗaura kayana a bayan babur.

Hanya biyu ce a gabana, kuma kowacce za ta kai ni gida. Windows na san shi kamar tafin hannuna, mai shagon ma ya fito mini da kwafinsa daga aljihun tebur. Sai dai zai yi wa tsohuwar na'urar nauyi, kuma in na saka shi kamar na yarda ne an wuce an bar ni a baya. Linux kuwa shi ya dace da aikin, hankalina ya gaya mini haka tun a Bomo. Amma in na saka shi, duk wanda ya shigo zai ce irin ta wane ce. Don haka na shiga kafe neman hanya ta uku, na kuwa same ta. Wani ya rubuta cewa akwai wata manhaja mai suna BSD, wai ita ce ta ƙwararru na gaske. Ban bincika ko gaskiya ya faɗa ba. Abin da na duba ɗaya ne, ban taɓa jin sunan a bakin abokina ba.

Kwana huɗu mai kafen ya yi yana sauko mini da ita, layi ya yanke a sake, wuta ta tafi a sake. Ranar da na karɓi faifan na shigo gida ina taku ɗai-ɗai. Na saka, na kunna, sai ga baƙin allo da fararen rubutu, babu hoto babu kibiya, babu inda za a danna. Mako guda na yi da takardun bayani da na buga kafin in kai inda na'urar ta tambaye ni sunan da zan raɗa mata. Na sa mata sunan 'yata, wadda lokacin take rarrafe. Na yi zaton an gama. Ashe manhajar ba ta ma san akwai kati a cikin na'urar ba. Waya a jone, komai a kunne, amma sabar ta zama kurma, ba ta ji ba ta amsawa.

Haka na shiga mako na biyu, na shiga na uku. Aikin mutane ya taru a gefena, matata tana yin nata tana yin nawa, filash yana ta kai-komo kamar da. Ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya dai ta ce, "Maigida, baƙuwar nan taka ci kawai take yi, ba ta taya aiki." Wata safiya kuma tana shara ta ci karo da faifan abokina a bayan kabad. Ta goge shi da gefen zaninta, ta ɗora a kan monita daidai inda idona zai sauka, ta ci gaba da shararta.

Ana cikin haka kawuna ya aiko in zo. Shi ne hedimastan wata makaranta mai zaman kanta a Muchia, kuma na ji labarin an ba su kyautar kwamfutoci. Na yi wanka, na sa kaftani mai guga, har da ɗaukar jakar kayan aiki. Bayan mun gaisa ya ce makarantar tana neman malamin kwamfuta na dindindin, wanda zai koyar ya kuma kula da na'urorin. Kafin in gyara zama ya ce ya san ni ba ni da takardar da hukumar makarantar ke bukata, ba don wannan ya kira ni ba. Ya jawo wata takarda ya ajiye a gabansa.

"Ɗana, wannan abokin naka ne ya nema, ɗan gidan tsohon malamin nan. Kai ka fi kowa saninsa. Yaya yake?"

Har yau ina iya jero abin da na faɗa. Na ce yaron kirki ne, ba ya sata ba ya ƙarya. Sai na yi shiru irin wanda ke sa a ce ci gaba. Na ce abin da yake saka wa kwamfuta ba shi iyayen yara ke so 'ya'yansu su koya ba. Na ce idan ya lalace babu mai gyarawa a Zariya sai shi. Sannan na ce irin waɗannan masu ƙwaƙwalwa ba sa zama wuri ɗaya, wata shida ya samu babban aiki ya tafi ya bar ku da kaya. Cikin sukan nan uku, biyun farko rabinsu gaskiya ne. Na ƙarshen kuwa ƙarya ce da na sa wa rigar hasashe, domin na san sarai mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki a farkon shekarar, kuma babu abin da abokina yake nema kamar aikin da zai zaunar da shi kusa da gida. Kawu ya gyaɗa kai, ya ɗauke takardar daga damansa ya mayar hagu.

Na fito ina jin wani sanyi-sanyi a rai, kamar na sauke kaya. Sanyin ko Kwangila bai kai ni ba, balle gida. Na iso gida na tarar da baƙin allona yana jirana yadda na bar shi.

A ƙarshen makon na sare. Akwai wani zauren imel da masu harkar kwamfuta a Arewa ke tambaya da amsawa, abokina ne ma ya saka ni ciki tuntuni, ban taɓa cewa uffan ba. Na kwafe duk layukan da na'urar ke fitarwa a takarda, na je kafe na buɗe sabon imel da sunan ƙarya, na ce daga Sakkwato nake, na rubuta tambayata. Washegari na tarar da amsa guda ɗaya, doguwa, kuma daga shi. Ya ce laifin ba nawa ba ne, irin wannan sabon katin mai arha ne manhajar ba ta sani ba, in nemi tsoho na wani samfuri. Ya jera mini abin da zan rubuta layi bayan layi. A ƙarshe ya ce sannu da ƙoƙari, shi kansa bai taɓa saka wannan manhaja ba. Na karanta sau uku. Raina ya so ya ji daɗin jimlar ƙarshe, amma haushin cewa shi ɗin ne dai ya sani ya hana.

Ranar Lahadi da hantsi aka yi sallama. Shi ne, daga coci ya biyo, da farar riga da littafinsa a hammata. Bayan ya gaisa da matata ya ɗauki 'yata ya yi mata wasa, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar jarida. Tsohon kati ne, har ya ɗan yi ƙura.

"Wani mutumin Sakkwato ne yake nema," ya ce, fuskarsa ba alamar wasa. Sannan murmushi ya ƙwace masa. "Malam, ka canza sunanka amma ka manta da na na'urar. Sunan 'yarka yana kan kowane layi da ka turo."

Matata tana bayan labule, na ji ta yi dariya har da tari.

Ya zauna a tabarma, bai taɓa kibod ba ko sau ɗaya. Ni na soka katin, ni na yi rubutun, shi yana karanto mini daga takarda idan na tsaya. Kafin la'asar matata ta buɗe kwamfutarta ta ga takardun da ke cikin sabar, ta tura shafi ɗaya firinta ta fitar ba tare da filash ba. Ta yi hamdala. Shi kuwa ya zaro ɗan littafi ya shiga yi mini tambayoyi kan yadda na yi a makon farko, yana rubutawa, yana cewa in maimaita. Ya ce wannan kam na riga shi. Na fi shekara ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa, da ta zo kuma sai na ji ta lami, kamar miyar da aka manta da gishiri.

Muna cin shinkafa da wake ya kawo zancen. Ya ce ashe hedimastan makarantar nan ta Muchia kawuna ne, sai kwanan nan ya ji.

"Ban so in dame ka ba, amma shirun ya yi yawa. In ka samu dama ka sa mini baki. Baba ba ya iya tashi shi kaɗai yanzu, Mama kuma ƙarfinta ya ƙare. Daga gidanmu zuwa makarantar ko minti biyar ba a yi."

Na ajiye cokali. Na ce to, Allah ya sa a dace. Matata tana tsaye da jug ɗin ruwa. Ta san Kawu ya kira ni, ta ga kaftanin da na sa ranar, ta kuma ga yadda na dawo ban ce komai ba. Da muka raka shi muka dawo ta rufe ƙofar shago ta tambaye ni me na ce wa Kawu. Na gaya mata duka. Na so ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ta tattara kwanukan da ya ci abinci a ciki ta ce, "Gobe da safe ka koma."

Na koma. Kawu ya saurare ni har na gama kame-kamena, na ce na sake tunani, yaron nan babu kamarsa. Ya cire tabarau ya ce sun riga sun ba wani daga Kaduna, takarda ta fita tun ranar Alhamis.

"To wace maganar zan ɗauka, ta wancan makon ko ta yau?"

Na ce ta yau.

"Ta yau ta makara," in ji shi. "Ni na tambaye ka ne don na ɗauka babu wanda zai fi ka son shi da alheri."

Bayan wata biyu abokina ya samu aiki da wani kamfanin sadarwa a Fatakwal. Aiki ne mai kyau, kowa yana taya shi murna, shi kaɗai ne bai yi ba. Ranar da zai kwashe kayansa daga Bomo na je taya shi. Ya bar wa ɗaliban gidan sabar, amma akwai ragowar waya da yake naɗewa a gwiwar hannu, ni ina riƙe da ɗaya bakin. Ban shirya faɗa ba. Shi ne ya ce, yana kallon wayar, bai yi mamakin rasa aikin Muchia ba, tun da ya ga sunansa a kan takardar ya san ba za su ɗauki Kirista ba. Ya ce kada in ji komai, ya san na yi iya ƙoƙarina.

A nan ne na ga inda abin ya kai. Na ce masa ba haka ba ne, Kawu ya so ɗaukarsa, ni na hana. Na maimaita masa abin da na faɗa, ban rage ba.

Hannunsa ya tsaya.

"Wata biyu ina zargin mutumin da bai yi mini komai ba," ya ce a hankali. "Ko a hanya na hango shi sai in canza layi." Sannan ya ɗago ya dube ni. "Me na yi maka?"

Na ce babu. Na ce ya fi ni ne kawai, ni kuma na kasa ɗauka.

Ya ƙarasa naɗe wayar, ya zare bakin da ke hannuna, ya rataye ta a ƙusa. Na ce zan kai shi tasha, ya ce ya riga ya yi magana da mai mota.

Kusan shekara ban ji daga gare shi ba, ni ma ban yi ƙarfin halin rubuta masa ba. Sai dai mako biyu bayan tafiyarsa matata ta dafa abinci ta zuba a kula, ta ce in kai Muchia in dubo jikin tsohon. Na tarar ranar ce ta zuwa asibiti gashin ƙashi, mahaifiyar abokina tana ta fama ita kaɗai ta rasa wanda zai ɗaga mata shi. Na nemo tasi, na ɗauke shi na saka. Daga nan ya zama duk ranar Alhamis ni ke zuwa. Ba zan ce tsabar kirki ba ne. Na rasa inda zan kai kaina ne, can kuma akwai aikin da hannu zai iya yi.

Tsohon bakinsa ya karkace, magana tana yi masa wuya, amma duk lokacin da na zaunar da shi a mota sai ya dafa hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce ɗansa ya yi sa'ar aboki. Wani lokaci har direba yake gaya wa. Ni kuma sai in juya ina kallon masu sayar da lemo a bakin titi.

Da Kirsimeti abokina ya zo hutu ya same ni a tsakar gidansu ina gyara ƙafar keken guragun tsohon. Ya tsaya ya dube ni, ya gaishe ni da sunana, ba Malam ba, ya durƙusa ya riƙe mini ɗaya gefen. Ba mu yi zancen ba. Washegari ya je ya gaida Kawu. A hankali muka koma waya da zumunci, har yau muna yi, iyalinsa sun san nawa. Amma wanda ya ce muku tulun da ya tsage aka liƙe yana ƙara irin ta da, bai taɓa ƙwanƙwasa shi ba.

Sabar nan ta yi mana aiki shekara huɗu kafin wata tsawa ta damina ta kashe ta. Ba mu sake rasa aikin kowa ba. Da na tashi haɗa wata, Linux na saka, da yamma ɗaya kuwa na gama kamar yadda aka gaya mini tun farko. Idan matasa suka tambaye ni yau wace manhaja za su fara da ita, cewa nake yi su duba wadda wani na kusa da su ya sani, wanda za su iya buga wa waya idan allo ya yi baƙi. In kuma akwai mutumin amma bakinsu ya yi nauyi wurin tambayarsa, to su bar na'urar tukuna, ba a nan gyaran yake ba.

Wasu da na ba labarin nan sukan ce ai hassada ga mai rabo taki ce, da ban hana abokina aikin makaranta ba da bai kai inda ya kai ba. Ba na karɓar wannan. Shekara ukun ƙarshe na rayuwar mahaifinsa a mota ya yi su, tsakanin Fatakwal da Zariya, kuma ranar da tsohon ya cika yana kan hanya. Babu girman ofis da ke biyan wannan. Ba zan kuma ce muku ƙyashin ya mutu ba. Har yanzu idan ya turo hoto daga wani taro a ƙasar waje, akwai abin da ke motsi a ƙirjina kafin in rubuta Allah ya ƙara. Bambancin dai yanzu na san muryarsa, ba na bari ya yi magana da bakina.

Kafin tsohon ya rasu na taɓa tambayar abokina ko in gaya masa gaskiya, don yabon nan da yake yi mini duk Alhamis ya fi zagi ciwo. Muna tsaye a ƙofar gidansu, ya ɗan yi tunani ya girgiza kai.

"Ka bar shi da abin da ya sani, yana jin daɗinsa," ya ce. "Nauyin kuma naka ne. Ka ci gaba da ɗauka."